Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Jirgin Ruwa a Bangon Kafinta a Tawa

Tambaya: Ni kafinta ne a unguwar Bilbis, cikin garin Tawa. Ƙanena da ke cin-rani a Abijan ya zo ganin gida da ƙaramar salla, ya kawo mini tsarabar wata babbar takarda shuɗiya da ya saya wurin masu tsofaffin littattafai a bakin titi. Zanen jirgin ruwa ne, irin mai tafiya da iska, an rubuta 1909 a ƙasansa. Sai dai ba kamar hoto yake ba. Layuka ne birjik, sun lanƙwashe sun hau kan juna kamar saƙar gizo. Na kafa ta a bangon shago, duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni, ni kuwa ba ni da ta cewa. Mene ne ma'anar layukan nan? Da gaske ne mutum zai iya ƙera jirgi da takarda kawai? Me ya sa Turawa ke adana irin waɗannan tsofaffin takardu? Kuma ko irin wannan jirgi ya taɓa biyowa ta ƙasarmu?

Amsa: Allah ya saka wa ƙanen nan naka da alheri, ya san abin da ya dace da bangon kafinta. Abin da ke hannunka shi ne zanen layukan jikin jirgi, kuma a cikin duk takardun da ake yi wa jirgi kafin a sa zarto a katako, wannan ita ce uwa. Sauran, ta ɗakuna da ta ƙarafa da ta ƙyallen da ke kama iska, duk daga gare ta suke fitowa.

Mu fara daga teburin mai shayi. Ka sayi dogon burodi guda, irin namu mai tsini gaba da baya, don siffarsa ba ta yi nisa da ta jirgi ba. Hanya uku ce za ka iya sa masa wuƙa. Ta farko, gunduwa-gunduwa, daga wannan kai zuwa wancan. In ka ɗaga kowace gunduwa ka dubi fuskarta, za ka ga ta tsakiya ta fi faɗi, na baki sun tsuke. Ta biyu, a kwance, yadda mai shayi ke tsaga shi in zai zuba wainar ƙwai, sai dai kai ba tsaga ɗaya za ka yi ba, hawa-hawa za ka yi. Ta uku, daga bisa zuwa ƙasa kana bin tsawonsa, kamar mai fitar da katako daga gungume. Da za ka ɗora kowane yanki a kan takarda ka bi gefensa da fensir, wannan bisa wancan, da ka sami ainihin saƙar gizon da ke bangonka.

To, tashi ka sake duban takardar. Hoto uku ne a cikinta, ba ɗaya ba. Dogon da ke bisa, jirgin ne in ka tsaya a gefensa. Dogon da ke ƙarƙashinsa, jirgin ne in ka leƙo shi daga sama, kuma rabi kawai ake zanawa, tunda dama da hagu tagwaye ne. Ƙaramin nan mai kama da ƙore da aka jera wata cikin wata, shi ne gunduwoyin burodin: bisa al'ada ɓangaren dama yana nuna jirgin daga goshinsa zuwa tsakiya, na hagu daga tsakiya zuwa baya. Ga kuma wani abu da za ka iya gwadawa da idonka yanzu. Duk layin da ya lanƙwashe a hoto ɗaya, a sauran biyun miƙaƙƙe ne sak kamar zaren magini. Da haka hotunan uku ke yi wa juna shaida. In wuri ɗaya ya saɓa tsakaninsu, to akwai ƙusumbi ko rami a jikin jirgin, kuma gara a gano shi da fensir da a gano shi bayan an ɓata itace.

Lanƙwasar ba da hannu sake ake janta ba. Mai zane yana da wata siririyar tsinkiyar katako mai laushi, doguwa, sai ya kwantar da ita a kan ɗigon da ya sa, ya danne ta da ƴan curin dalma masu ƙugiya a baki. Sannan ya kwantar da kuncinsa a kan tebur, ya runtse ido ɗaya, ya bi ta da kallo daga wannan kai zuwa wancan, daidai yadda kake ɗaga katako ka duba ko ya karkace. In ya ɗage dalma ɗaya tsinkiyar ta yi tsalle, layin bai kwanta ba tukuna. Ana iya kwana uku a kan layi guda.

Da an gama, sai a auna kowane ɗigo a rubuta shi cikin jadawalin lambobi: a gunduwa ta kaza, a hawa na kaza, faɗi kaza ne. Da wannan jadawali ake hawa wani babban ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓen katako, a durƙusa a sake zana jirgin gaba ɗaya a ƙasa, da ainihin girmansa. A nan ake fitar da samfurin kowane haƙarƙari da katako mara kauri, a kai wa masu yanka. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce i. Wanda ya iya karatun takardar, in ya sami kayan aiki da gwanayen hannu, zai fitar da jikin jirgin nan ko da shi da mai zanen ba su taɓa haɗuwa ba, ko da shekara ɗari ce tsakaninsu.

Za ka ce me ya kawo wannan wahala duka. Nauyi ne. Duk abin da ke yawo a kan ruwa, yana ture ruwa daidai nauyin kansa, ba ƙari ba ragi. Ruwan teku cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, nauyinsa kilo 1,025 ne. Mai zane yana auna faɗin fuskar kowace gunduwa da za ta nutse, ya haɗa lissafi, ya san yawan ruwan da jirgin zai ture, sannan ya bi katako da ƙusa da dalma da igiya da mutane ɗaya bayan ɗaya ya tara nauyinsu. Dole lissafin biyu su yi daidai. In ba haka ba, ranar da aka tura jirgin cikin ruwa a gaban jama'a, ko dai ya zauna ƙasa da inda aka ja masa layi, ko ya dunƙufar da kai.

Dalmar gindin jirgi kuwa, ka tuna jigon masu lambu. Guga na wannan kai, curin laka na wancan, shi ke maido da shi. Iska tana danna ƙyalle daga bisa tana son kifar da jirgin, dalmar da ke can ƙarshen dogon ƙashin gindinsa tana jawo shi ya miƙe. Wannan ƙashin gindin ne kuma ke hana iska ta share jirgin gefe guda, har ya iya kutsawa wajen da iskar ke fitowa, ba kai tsaye ba, a karkace, ya yi dama ya yi hagu kamar jaki mai kaya yana hawan tudu.

Shekarar da ke jikin takardarka ta faɗo tsakiyar zamanin da wannan sana'a ta kai ƙololuwa. Kuma akwai sunan da ka sani a cikin labarin, domin yana kan teburin kowane mai shayi a Tawa: Lipton. Thomas Lipton mutumin Gilasgo ne, ɗan talakawa, ya yi arziki da kantuna da ganyen shayi. Sau biyar yana kai jirgi Amurka neman kofin tseren da ake kira Kofin Amurka, a 1899 da 1901 da 1903 da 1920 da 1930, kowane jirgi sunansa Shamrock, kuma sau biyar yana dawowa hannu rabbana. A karo na ƙarshe Amurkawa da kansu suka yi karo-karo suka ba shi kofin zinariya saboda yadda yake karɓar kaye ba ya ɓata rai. Ya rasu a 1931.

Wanda ya hana shi barci a huɗu daga cikin biyar ɗin nan mutum ɗaya ne, Nathanael Herreshoff, na garin Bristol a jihar Rhode Island. An haife shi a 1848, ya rasu a 1938. A kansa nake so in ɗan daɗe, Malam, don ɗan'uwanka ne a sana'a. Ya yi karatun injiniya, lissafi ba ya ba shi tsoro, amma ba da takarda yake fara jirgi ba. Guntun katako mai laushi yake ɗauka ya sassaƙa rabin jirgin da hannunsa, ƙarami, wanda za a iya riƙewa a hammata. Ya kankare, ya shafa da tafin hannu, ya sake kankarewa, har sai siffar ta kwanta masa a rai. Sannan ya ɗora shi a kan wata na'urar awo da ya ƙirƙiro da kansa, ya karanta lambobin ya rubuta cikin ɗan littafi, a kai wa masu zana daɓe. Yayansa John, wanda suka kafa kamfanin tare a 1878, makaho ne tun yana saurayi, shi ke riƙe da ciniki da kuɗi, kuma da yatsunsa yake shafa jirgi ya san lafiyarsa. Ka ga ke nan ido da hannu su ne gaba. Takarda rumbu ce da ake zuba abin da suka nomo.

Jirgin da ya yi a 1903 don tarar Lipton, mai suna Reliance, har yau ana labarinsa. Dokar gasar ta ce tsawon da ke taɓa ruwa kada ya wuce ƙafa 90, wato mita 27 da ƴan kai, kusan tsayin hasumiyar masallacin Agadas in an kwantar da ita. An sa ido a kan wannan awo ne domin jirgin da ke tura ruwa da ƙirji, gwargwadon tsawonsa cikin ruwa gwargwadon gudunsa. To amma a tsaye ake auna jirgi, cikin ruwa mai kwanciya. Sai Herreshoff ya ja goshin da bayan suka yi zuru-zuru a bisa ruwa, har tsawon jirgin ta sama ya kusa mita 44. Da iska ta danna shi ya kishingiɗa, sai wannan rarar ta kwanta cikin ruwa, jirgin ya zama dogo fiye da yadda aka rubuta. Ƙyallensa murabba'in mita 1,500 ne, wato filin gida uku masu mita 20 da 25. Ƙololuwar sandarsa ta kai wajen mita 60 daga ruwa, dalmar gindinsa kusan tan 100, kuma mutum 64 ke aiki a kansa. Ya cinye Shamrock na uku sau uku a jere. Daga wannan shekara bai sake tsere ba, a 1913 aka farfasa shi aka sayar da ƙarfen.

Ni a ganina Reliance gwaninta ce da ta wuce gona da iri. Jirgi ne da ba ya iya fuskantar teku in ta fusata, ba shi da amfani sai na ƴan kwanaki, kuma rayukan matuƙa ke rataye a jikin siraran wayoyinsa. Shi kansa Herreshoff ya ga haka, shi ya tsara sabuwar dokar awo da ke sa nauyin jirgi cikin lissafi, don kada a riƙa ƙera faranti mai fukafuki. A Turai ma ƙasashe suka zauna a Landan a 1906 suka fitar da tasu, wadda aka fi sani da dokar 1907. Ita ta haifi rukunonin da ake kira mita 6, mita 8, mita 12, mita 15. Lambar ba tsawon jirgin ba ce, sakamakon wani lissafi ne da ke haɗa tsawo da faɗi da kewayen ciki da girman ƙyalle. Misali Tuiga, wanda William Fife na ƙauyen Fairlie a Sikotlan ya zana ya kuma ƙera a 1909, shekarar takardarka, ɗan rukunin mita 15 ne, alhali jikinsa ya kai mita 23. Yana nan da ransa, ƙungiyar masu jiragen Monako ke riƙe da shi, har yanzu yana shiga tsere.

Ba na ɓoye maka, wasan sarakuna da attajirai ne. Amma waɗanda suka durƙusa a daɓe da alli, da waɗanda suka gasa katako da tururi suka lanƙwasa shi, da masu ɗinkin ƙyalle, talakawa ne masu sana'a irinka, kuma aikinsu ne ke cikin layukan nan.

Sai batun adanawa. Jirgi yana mutuwa. Katako na ruɓewa, ƙarfe na tsatsa, wani ma da gangan ake kashe shi. Britannia, wanda George Watson ya zana wa ɗan sarauniyar Ingila a 1893, ya yi shekara arba'in da ƴan kai yana cin tsere. Da mai shi na ƙarshe, sarki George na biyar, ya rasu a 1936, aka bi wasiyyarsa aka ja jirgin aka nutsar da shi kusa da tsibirin Wight. Westward, wani babban jirgin Herreshoff na 1910, shi ma nutsar da shi aka yi a 1947 bisa wasiyyar mai shi. Amma a shekara ta 2000 aka tura wani jirgi cikin ruwa a Holan mai suna Eleonora, wanda aka ƙera bisa awon Westward, domin awon bai nutse tare da shi ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Svea. Wani ɗan Suwidin, Tore Holm, ya zana shi a 1937, ba a ƙera ba, takardun suka kwanta shekara da shekaru, mai zanen ya rasu. A 2017 jirgin ya shiga ruwa karo na farko, shekara 80 bayan an ja layinsa.

Shi ya sa ake tattalinsu. Zane-zanen kamfanin Herreshoff, sama da 13,000, suna gidan tarihin jami'ar MIT a Amurka, ƴan sassaƙen katakonsa kusan 500 kuma suna gidan tarihi a garinsu Bristol. Gidan tarihin teku na Greenwich a Landan yana riƙe da zanen jirage wajen miliyan ɗaya. Da yawa kuma sun salwanta. A 1941 bam ya faɗa wa ma'aikatar ƙera jirage ta Camper da Nicholsons a Gosport, tarin takardunta suka tafi. Wasu kuwa ba yaƙi ya ci su ba, rashin sanin daraja ne. Asalin zanen a kan farin lilin mai sitaci ake yin sa da tawada, kuma akan wanke tsofaffin a mai da su tsumma. Shuɗiya irin taka kwafi ce: ana ɗora lilin ɗin a kan takarda mai magani a shanya a haske, a wanke da ruwa, inda haske ya taɓa ya yi shuɗi kamar rini, inda tawada ta kare ya fito fari.

Ko irin jirgin ya taɓa biyowa ta ƙasarmu? Ya biyo, a bayan raƙuma. A 1850 wasu Turawa uku, James Richardson da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg, suka taso daga Turabulus da wani jirgin katako da aka ƙera a Malta, an raba shi gida huɗu. Suka ratsa sahara da shi, suka bi ta Abzin, suka gangaro Damargu, aka wuce da shi Kukawa ta Barno. A can aka harhaɗa shi, aka sa masa suna Lord Palmerston, kuma a daminar 1851 Overweg ya yi makonni yana yawo da shi tsakanin tsibiran Buduma a tafkin Cadi. A wannan damina ce dai, cikin watan Agusta, wani jirgi mai suna America ya ci tsere a Ingila ya tafi da kofin da Lipton ya ƙare rayuwarsa yana nema.

Na bayansu ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Hourst, ya gangaro kogin Kwara da jirgin alminiyam mai suna Davoust, ya yi watanni a kusa da Sayi kafin ya wuce teku. A 1897 Emile Gentil ya shiga tafkin Cadi da jirgi mai tururi, Léon Blot, wanda aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan mutane ta dazuzzukan Kwango. Ƴan shekaru kaɗan bayan haka Faransawa suka kafa bariki a Tawa. Abin da ya sa ake iya warware jirgi a Turai a ɗaure shi a tsakiyar Afirka shi ne kowane yanki yana da lamba, kowace lamba tana kan takarda. Ilimin da ya ƙera jirgin wasa shi ya ƙera na cin ƙasa, kuma wuyan kakanninmu ne ya ɗauki kayan.

Kada kuma ka ce mu Adarawa ina mu ina teku. Duwatsun farar ƙasar nan na Adar, irin waɗanda ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, a ƙarƙashin teku suka taru, shekaru sama da miliyan 50 da suka wuce. Ƴan duwatsun nan masu siffar katantanwa da yara ke tsinta a kan tudu, halittun ruwan gishiri ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna tun da na karanta wasiƙarka. Na taɓa tsayawa a bakin tafkin Tabalak, kan hanyar Abalak, wajen kilomita 50 daga Tawa, da hantsi, masunta na fitar da tarwaɗa da karfasa. Wani dattijo ya kife kwale-kwalensa a kan tudu yana cusa tsumma da kwalta a tsagar katako. Na tambaye shi tsawon jirgin, bai nemi mita ba, ya buɗe hannuwansa ya bi gefensa yana ƙirga gaba, ya cike da kamu. Na ce me ya sa goshin ya ɗaga haka. Ya ce in iskar gabas ta taso da yamma, jirgin da goshinsa ya kwanta ruwa yake sha. Wannan magana ita ce dai abin da Fife da Herreshoff ke nema da dalma da tsinkiya. Bambancin, nasu yana cikin akwati a gidan tarihi, nasa yana cikin kansa da hannunsa kaɗai.

Haka yake ga magina. Alhaji Falke Barmu na Yama, nan cikin jihar Tawa, bai yi makarantar zanen gini ba, amma masallacin ƙasa da ya fara a 1962, ya yi ta ƙara masa baka da hasumiya har zuwa 1982, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Gini aƙalla yana tsaye wuri ɗaya, ana yaɓe shi, mai son awo ya zo ya auna. Kwale-kwale in ya tsufa, itacen girki yake zama.

Akwai darasi a labarin Éric Tabarly, matuƙin Faransa. Mahaifinsa ya sayi wani tsohon jirgin Fife na 1898, Pen Duick, a 1938. Da katakon ya ruɓe, maƙera suka ce ba ya gyaruwa. A 1958 Tabarly ya mai da ruɓaɓɓen jikin ya zama masa samfuri, ya shimfiɗa masa zaren gilashi da roba hawa-hawa, ya fitar da sabon jiki mai siffar tsohon. Daga kan wannan jirgi ya faɗa teku cikin dare a watan Yuni na 1998, yana hanyar zuwa Sikotlan taron jiragen Fife, Allah bai yi za a cece shi ba. Jirgin yana nan. Abin lura gare ka shi ne, tsohon jirgi shi kansa takarda ne, muddin an karanta shi kafin ya wargaje.

Kuma kai kana da duk abin da karatun ke bukata. Ka tafi Tabalak ko tafkin Dan Dutsi da goronka, ka nemi izinin mai jirgin da na shugaban masunta, ka zaɓi kwale-kwalen da su da kansu suka ce ya fi daɗin tuƙi. A jawo shi tudu, ka daidaita shi da tiyon ruwa irin na magina. Ka ja zare daga tsinin goshi zuwa tsinin baya, ka raba tsawon gida goma daidai, ka sa alama da alli. A kowace alama ka auna faɗin baki, faɗin gindi, da zurfi daga zaren. Inda gefen ya lanƙwashe, ka matsa waya mai kauri a jikinsa ta ɗauki siffar, ka kwantar da ita a kan kwali ka bi da fensir. In ka dawo shago, ka rage kowane awo gida goma, santimita goma ta zama ɗaya, ka zana hotunan nan uku. Tsinkiyar katako kana da ita, ƴan duwatsu ko ƙananan ƙusoshi za su yi aikin dalma.

Kada ka tsaya ga awo kawai. Ka rubuta irin itacen da kaurinsa, tazarar ƙusa, garin da aka ƙera shi, shekarunsa, buhu nawa ko mutum nawa yake ɗauka, da abin da mai shi ya ce game da goshi da gindi, da bakinsa, ko da boko ko da ajami. Ka sa rana da wata da shekara a ƙasa, kamar yadda aka sa 1909 a taka. Ka ɗauke shi hoto da waya, asalin kuma ka naɗe ka sa a akwatin ƙarfe inda gara da ɗigon damina ba sa kaiwa.

Ita kuma shuɗiyar da ke bango, ka cire mata ƙusoshin, ka yi mata firam da gilashi, ka matsar da ita daga inda rana ke bugawa da hantsi, don irin wannan shuɗi haske yana koɗar da shi.